Ɗan Maraɗi a Gidan Zoo na Kano

Duk ɗan Maraɗin da ya je Kano ya ƙare kwanakinsa tsakanin Kantin Kwari da Wapa, ya ɗaure kaya ya juyo gida bai leƙa Gidan Zoo ba, wallahi ya cuci kansa. Na faɗa, kuma ko a gaban Sarkin Katsinan Maraɗi zan maimaita. Mu mutanen nan mun mai da Kano kasuwa kawai: a canza sefa, a sari atamfa da shadda, a kama hanyar Katsina tun kafin la'asar. Alhali a tsakiyar birnin, cikin hayaƙin adaidaita sahu da ƙarar oda, ga daji guda da itatuwansa da inuwarsa, zaki na ruri a ciki.

A hutun lakwal na kwashi yaran gida, da ɗiyar ƙanwata daga Jiratawa, da gwaggonmu ta Tsibiri wadda ta rantse ziyarar dangi ce ta fito da ita, ba kallon namun daji ba. Hanyar kowa ya san ta: Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, sai Kano. A cikin gari kuwa ba ka buƙatar kwatance, domin titin ma sunan gidan ya ci. Ka ce wa mai adaidaita Zoo Road, shi ke nan. Titin ne da ofisoshin ƴan fim ɗin Hausa suka yi yawa a kansa, don haka ƴan matanmu sun fi zura ido ko za su hangi wata jaruma, har sai da muka shige ƙofa suka manta da ita.

Allah ya jiƙan Audu Bako! Ɗan sanda ne, shi ne gwamnan farko na Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, mutumin da ya yi madatsun ruwan Tiga da Bagauda. A 1972 aka buɗe wannan gida da ke ɗauke da sunansa. Ka duba tunani: ƙasa ba ta daɗe da fita yaƙin basasa ba, amma mutum ya zauna ya ce ɗan talaka ma ya kamata ya ga giwa da idonsa. Lokacin wurin bayan gari ne. Yau gari ya zagaye shi ta ko'ina, shi kuwa yana nan kore shar, kana shiga iska ke sauyawa.

Ni dai kura ce ta tafi da ni. Tun muna ƙanana muke cin mutuncin baiwar Allah nan a tatsuniya: ita ce mai kwaɗayi, ita ce matsoraciya, ita Gizo ke yi wa wayo dare da rana. Wadda muka sani a zahiri kuwa ita ce ta ƴan gardi, da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, ana jan ta kasuwa-kasuwa ana kiɗa. Wannan ba kura ba ce, fursuna ce. Je ka gan ta babu takunkumi. Wuya kakkaura, ƙirji a cike, ƙafafun gaba sun fi na baya tsawo, tana kai da kawo tana yi maka kallon raini. Haƙoranta ƙashi suke farfasawa ta haɗiye har ɓargo. Wani ma'aikacin gidan, mutum mai haƙuri da tambayar yara, ya ce mana a cikin garken kuraye mace ce shugaba, kuma ta fi namiji girma. Ɗiyar ƙanwata ta juyo ta ce, "Kawu, ashe ƙarya ake yi mata?" Gwaggo ta riga ni amsawa: "Ke, ba ƙarya ba ne, kwaɗayin nan dai nata ne. Dubi yawu." Muka yi ta dariya har kurar ta tsaya tana kallonmu. Na fi jimawa a nan bisa ko'ina, kuma da za a bar ni da na ƙara.

Sai manyan dawa. Zaki da rana malalaci ne, kowa ya sani, yana kwance ya miƙe ƙafa ko ƙuda ba ya kora. Amma muka yi sa'a ya buɗe baki sau ɗaya. Jama'a, rediyo da talabijin sun yaudare mu! Rurin zaki ba da kunne ake jin sa ba, a ƙirji yake sauka, kamar ana daka a turmi kusa da kai. Autanmu ya ƙanƙame ƙafata, wani magidanci da ke gefenmu ya ja da baya yana salati, sannan ya waiga ko an gan shi. An gan ka, Alhaji. Kanawa kuma ba su manta da watan Oktoban 2019 ba, sa'ad da wani zakin gidan ya kuɓuce wa masu kula da shi, ya shafe kusan kwana biyu yana abin da ya ga dama cikin harabar, ya yi buɗa-baki da awaki, unguwannin kewaye kowa ya kulle ƙofa, kafin ya koma kejinsa. Har yau in ka tsaya a wurin za ka ji wani yana ba wani labarin, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa.

Shekarar 2019 ɗin ma ta yi wa gidan suna ta wani gefe. A watan Yuni ne labari ya zagaye duniya wai goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga da aka tara da Sallah, har Gwamna Ganduje ya fito ya ce babu ma irin wannan dabba a gidan. Yaranmu ba su bar birai sun huta ba: "Ina kuɗinmu?" Birai kuwa ko a jikinsu, sai miƙo hannu suke.

Jimina ta ba ni mamaki da girmanta. Muna ganin gashinta a takalman Sarkin Kano da figinin sarakuna ranar hawa, amma tsuntsun kansa ya fi dogon mutum tsawo, yatsu biyu tak a kowace ƙafa, ido dara-dara da gashin ido da amarya za ta yi hassada. Ba ta tashi sama, sai dai a guje takan kai kilomita 70 a awa, ƙwanta guda kuma ya kai na kaza ashirin da ƴan kai. Ta ƙasarmu mai jan wuya ta kusa ƙarewa a daji, ana kiwonta a Kelle ta jihar Damagaram don kada iri ya ɓace. Kada, kunkuru, mesa, waɗannan mun wuce su da sauri. Kada dai ko motsi bai yi ba, har yara suka yi gardama ko na siminti ne.

A gaban giwa ne gwaggo ta ajiye girman kai. Ta tsaya ta riƙe haɓa, sai ga labari na zuba: yadda a zamaninsu giwaye ke ƙetarowa daga dazukan Katsina zuwa Baban Rafi, manoma su kwana suna buga gwangwani a bakin gona, yadda mahalba ke fita buɗin daji kafin kowa ya taɓa farauta, yadda kura ke kuka bayan gari a Tsibiri mutane su ƙara gyara ƙyauren awaki. Yau daga Maraɗi har Madarunfa gona ce ke bin gona, gero da gujiya da wake, zomo ma sai an yi da gaske. Ban taɓa jin gwaggo ta faɗi waɗannan abubuwa a gida ba. Sai da ta ga hancin nan yana naɗe ciyawa yana kai wa baki bakinta ya buɗe, yara suka zauna a ƙasa suna saurare. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗin mota.

Kada ƴan Yamai su ce na yi butulci. Gidan tarihi na Bubu Hama yana da nasa zakuna da dorina, ga ƙasusuwan manyan halittun da da aka tono a hamadar Agadas, abin da Kano ba ta da shi. Raƙuman dawanmu na Kure kuwa babu irinsu a duniya: 49 suka rage a 1996, yau sun haura 600, kuma a 2018 aka ɗauko takwas aka kawo Gadabeji a nan jiharmu. Amma Yamai ta fi kilomita 600 daga Maraɗi, Kano ko rabin haka ba ta kai ba, kuma kana isa da Hausarka za ka yi ciniki, ka ci gurasa bandashe, ka sha rake a inuwa, mai hoto ya ɗauke ku ku duka.

In za ka je, yi sammako, dabba ma ba ta son rana. In jama'a kake son gani, je da Sallah, lokacin da Kano kaf ke juyewa can cikin sababbin ɗinkuna. In dabbobi kake so, zaɓi tsakiyar mako. Ka tsawata wa yaranka kada su yi jifa ko tsokana da kara, abin nan yana ƙona mini rai a duk inda na gan shi. An taɓa maganar kwashe gidan a mayar Tiga, ni dai ina roƙon Kanawa su bar mana shi inda adaidaita ke kaiwa. Kuma ranar da jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ya fara busa, daraktocin lakwal na Jiratawa da Tsibiri su nemi tarago guda su cika shi da yara. Ni zan riƙe musu jakar ruwa, kuma daga ƙofa wajen kura za mu nufa.