Ƙarin Babi a Manyan Wasannin Gem: Yaushe Kwalliya Ke Biyan Kuɗin Sabulu?

A watan Afrilun 2006 kamfanin Bethesda na Amurka ya kawo wa masu buga wasansa The Elder Scrolls IV: Oblivion wani ɗan kaya na sayarwa. Sulke ne na doki, kuɗinsa dala 2.50 a kan na'urar Xbox 360. Mutum ya riga ya biya cikakken kuɗin wasa, sai ga shi ana neman ya sake kwance lalita don dokinsa ya yi kyan gani. Ƙurar da ta tashi a lokacin ba ta gama lafawa ba har yau, domin duk sa'ad da wani kamfani ya tsawwala kuɗi a kan ƙaramin abu, 'yan gem sukan tuna masa da sulken doki. Tun daga ranar ake kallon duk wani ƙari da ake sayarwa a kan wasa da ido biyu.

Wanda ya taɓa leƙa gidan gem a Kano ko Kaduna ya tarar da yara sun yi cincirindo a kan GTA: San Andreas ya san irin wasan da nake nufi. Ana ba ka gari ko ƙasa sukutum, ka je inda ka ga dama, ka yi faɗa, ka bi labari in kana so, ka yi yawonka in ba ka so. Buɗaɗɗiyar duniya ke nan. Bayan wasa irin wannan ya fito da 'yan watanni ko shekaru, masu shi sukan ɗora masa wani sabon yanki mai labarinsa da abokan gabansa, wanda ba ya aiki sai da wasan asali. 'Yan gem suna haɗa shi da su sulken doki su kira su duka DLC, amma ni ina ganin raba su ya zama dole. Ɗaya ado ne, ɗayan kuwa ƙarin babi.

Yawancin masu auna darajar ƙarin babi lissafin ɗan kasuwa suke yi: awa nawa zan samu a kan kowace dala, kuma taswirar ta kai girman ina? Ban raina wannan lissafi ba, kuɗi ba a ƙasa ake tsintar su ba. Sai dai a irin waɗannan wasanni fili ne abin da ya fi komai araha. Wasan asali ya riga ya ba mutum dazuzzuka da ƙauyukan da yawancin masu saye ba sa gama zaga su. Kamfani yana iya shimfiɗa sabon tsibiri, ya watsa masa sansanonin 'yan fashi irin waɗanda ka riga ka tarwatsa sau hamsin, ya ce ga awa talatin nan. Awannin gaskiya ne, amma maimaici ne ka saya. Abin da nake nema a ƙarin babi shi ne ya sa in koma duniyar da na zaci na gama sani in tarar ashe ban san ta ba.

Misalin da ya fi nuna haka shi ne Hearts of Stone, ƙarin farko na The Witcher 3. Kamfanin CD Projekt Red na birnin Warsaw a Foland ya fitar da wasan asali a watan Mayun 2015, bisa littattafan marubuci Andrzej Sapkowski, kuma ya bi shi da ƙananan kaya 16 kyauta, har da salon aski da kayan doki. Wannan ita ce gyara irin wadda mai tumatir ke ɗora maka bayan ciniki ya faɗa. A watan Oktoba na shekarar ne Hearts of Stone ya zo a kan dala 10, labarin kamar awa goma, kuma filin da ya ƙara kaɗan ne ƙwarai, a gefen garin Oxenfurt da ɗan wasa ya riga ya sani. Da ma'aunin taswira za a bi, da sai a ce ƙaramin abu ne.

A farkon wasan asali, a wani masauki a ƙauyen White Orchard, jarumin wasan, Geralt, yana haɗuwa da wani mai tallan madubai mai suna Gaunter O'Dimm. Ya ba shi labarin matar da yake nema, ya ɓace, kuma kusan kowa ya manta da shi. A Hearts of Stone sai mutumin nan ya dawo, ya ceto Geralt daga hannun waɗanda suka kama shi za su kai shi a kashe, ya yi masa tambari a fuska, ya ce saura biyan bashi. A hankali ake gane cewa wannan talakan mai ruwan sanyi halitta ce mai cinikin rayuka, kuma wani basarake mai suna Olgierd von Everec ya sayar masa da ransa, zuciyarsa ta zama dutse. Aikin Geralt shi ne cika wa Olgierd buri uku: ya sa ƙaninsa da ya mutu ya sha shagalin dare ɗaya, ya kawo masa wani abu daga taskar masu gidan gwanjo, sannan ya samo furen da ya ba matarsa Iris ranar rabuwarsu. Neman furen nan ne ya fi taɓa ni. Ana shiga duniyar da Iris ta zana da hannunta, ana bin yadda aurensu ya lalace ɗaki bayan ɗaki, kuma takobi ba ya gyara komai a wurin.

Tushen labarin tsohuwar almarar Foland ce ta Pan Twardowski, wanda ya yi sharaɗi da Shaiɗan cewa ba zai karɓi ransa ba sai a Rum, yana ganin ya yi wayo tunda ba zai taɓa zuwa can ba, sai aka ritsa shi a wani masauki mai suna Rum. Olgierd shi ma ya ce sai in sun tsaya a kan wata, aka kuwa ja shi zuwa wani tsohon wurin bauta mai hoton wata a daɓensa. Wanda ya gama wannan babi ya sake fara wasan daga farko, gabansa sai ya faɗi in ya ga mai madubai zaune a masaukin nan. Dala goma ta sauya ma'anar mintocin farko na wasan da aka riga aka saya.

Blood and Wine, wanda ya biyo baya ranar 31 ga Mayun 2016 a kan dala 20, ya bi wata hanyar. Shi kam ya kawo ƙasa guda, Toussaint, mai gonakin inabi da hasken rana da barade masu kirarin mutunci, bayan ɗan wasa ya shafe awanni a cikin laka da gawawwakin yaƙi. Girmansa ya sa ya lashe kyautar gwarzon wasan kwaikwayon jarumi a bikin The Game Awards na 2016, inda ya doke cikakkun wasanni. Amma abin da mutane suka fi riƙewa shi ne gonar Corvo Bianco. Geralt maharbin dodanni ne da ke kwana inda dare ya yi masa, a nan aka ba shi gida, da gado, da wurin rataye takubba. Wasan asali ya rufe labarin yaƙi, wannan babi ya ba mutumin wurin sauke gajiya.

Akwai wata matsala da kowane ƙarin babi ke fuskanta. Mai sayensa ya riga ya ƙoshi da ƙarfi, ya tara makamai, babu abin da ke ba shi tsoro. Kamfanin FromSoftware na Japan ya tunkari wannan gaba da gaba a Shadow of the Erdtree, ƙarin Elden Ring da ya fito ranar 21 ga Yunin 2024. Ƙofar shiga ma sai wanda ya kashe manyan abokan gaba biyu, Radahn da Mohg. In ka shiga kuma, ƙarfin da ka zo da shi bai isa ba, sai ka zaga kana tsintar ɓaraguzan wata bishiya, guda 50 a warwatse, su ne ke ƙara maka juriya da zafin sara a sabuwar ƙasar. Mutane da yawa sun yi ƙorafin wahala a kwanakin farko. Ni ina ganin tsarin daidai ne, domin ya mai da gwani baƙo, ya tilasta masa duba kowane lungu kamar ranar farko. Can a wani ƙauye shiru mai furanni, inda babu ko abokin gaba ɗaya, ake fahimtar asalin Marika, sarauniyar duniyar wasan, da abin da aka yi wa danginta, sai duk zaluncin da aka san ta da shi a wasan asali ya samu wata fuska. An sayar da kwafi miliyan 5 cikin kwana uku.

Kuɗinsa dala 40 ne. A tsakiyar 2024 wannan ya kusan naira dubu 60, a shekarar da aka mai da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira dubu 70, ban da kuɗin data na sauke shi. Ga matashin da ke wannan hali, ƙofar Mohg ba ƙaramar magana ba ce: wanda bai kai nan a wasan asali ba ya biya kuɗin ɗakin da ba zai iya shiga ba. Darajar ƙari tana rataye da inda mai saye ya kai a tafiyarsa, kuma tallan kamfani ba ya cika nanata wannan.

Wani lokaci kuma ƙarin babi biyan bashi ne. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 cike da kurakurai har Sony ta cire shi daga kantinta na PlayStation na wajen wata shida. Phantom Liberty na Satumbar 2023, wanda Idris Elba ya fito a ciki a matsayin ɗan leƙen asiri Solomon Reed, labari ne mai kyau, kuma gyaran tsarin wasan da ya zo tare da shi kyauta aka ba da shi, wanda shi ne adalci. Duk da haka masu PlayStation 4 da Xbox One, waɗanda suka fi kowa shan wahala a farko, ba su samu ko ɗaya daga cikin biyun ba. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da aka yabi dawowar wasan.

Abin da ke damuna yanzu shi ne al'adar tana ja da baya a wurin waɗanda suka fi iya ta. A 2009 kamfanin Rockstar ya fitar da The Lost and Damned a kan GTA IV, inda aka sake bin titunan Liberty City ta idon wani ɗan ƙungiyar masu babura, Johnny Klebitz, har wasu al'amuran da aka gani a wasan asali aka sake ganinsu daga ɗaya ɓangaren. GTA V ya fito a 2013, ya zama ɗaya daga cikin wasannin da aka fi saya a tarihi, amma bai samu ƙarin babi na mai wasa shi kaɗai ba ko ɗaya. Ƙarfin kamfanin ya koma kan GTA Online, inda kuɗi ke shigowa kullum ta hanyar sayar da kuɗin cikin wasa. Da aka tashi ci gaba da labarin Franklin, ɗaya daga cikin jaruman GTA V, a ƙarshen 2021, a can cikin wasan intanet aka saka shi, kuma wanda ba shi da tsayayyar intanet bai ji yadda rayuwarsa ta kasance ba.