Ɗaya ga Mayu ta wuce, ƴan dako ba su sani ba

Kowace shekara ran 1 ga Mayu ƴan sandika su ɗinka yadi iri guda, su yi difile a cikin garin Tawa, su miƙa wa gwamna takardar koke-koke, a tafa, a watse. Ba na raina wannan. Amma kamarad, ka duba waɗanda ke cikin layi: malamai, ma'aikatan likita, ma'aikatan ofis. Ka duba kuma waɗanda ke gefen hanya suna jiran a buɗe musu su wuce: ɗan kabu-kabu, mai tura kurar ruwa, lebura mai kwaɓa siminti, yarinyar da ke aikatau a gidan wani daga cikin masu difilen. Sallar ma'aikata ce, amma mafi yawan masu aiki ƴan kallo ne.

Daga Janairun 2024 albashi mafi ƙanƙanta a Nijar ya tashi daga sefa 30.047, inda ya tsaya tun 2012, zuwa 42.000. In ka raba da kwana talatin, jikka guda da dala tamanin ke nan a yini. Kaɗan ne, kuma ko kaɗan ɗin mai takardar albashi yake samu. Wanda ke loda buhun albasa a Galmi ko a bakin tafkin Tabalak ba shi da takarda, abin da dillali ya yanka shi ne farashi. Matsalar sandikocinmu ke nan: an gina su bisa albashin gwamnati, a ƙasar da albashi ya zama gata.

Ba haka abin ya faro ba. Djibo Bakary ɗan sandika ne kafin ya zama magajin garin Yamai a 1956, kuma ƙarfin Sawaba daga direbobi da leburori da ƙananan masu sana'a ya fito. Bayan ƙuri'ar 1958 anka murƙushe ta, anka haramta ta a 1959. A 1990 ma, bayan kisan ɗalibai uku a gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairu, haɗuwar USN da USTN ce ta tilasta wa Ali Saibou karɓar jam'iyyu da yawa, har anka zauna babban taron ƙasa a 1991. To mi ya biyo baya? USTN ta rarrabu, manyan ƙungiyoyi sunka yawaita, kowace da sakatarenta. Jihar Tawa kuma ta yi shekaru tana zuba wa PNDS ƙuri'a, jam'iyyar da ta kira kanta ta gurguzu, ɗan jihar ya yi shekara goma yana mulki daga 2011 zuwa 2021, albashi mafi ƙanƙanta sau guda ya motsa. Ƙuri'ar da ake bayarwa don ɗan gida ne ba ta iya cin bashin kowa.

Amma kar mu ɗora wa sandika laifin duka. Adar tana da nata ciwo, kuma nan ne masu jawabi ke tsallakewa. Da an gama girbi samari sun tafi biɗa: Abijan, Najeriya, Libiya, Aljeriya. Wanda ransa ya ɓaci da lada ba ya yajin aiki, jikkarsa yake ɗauka ya nufi tasha. Ke nan mutumin da ya fi zafin zuciya, wanda ya kamata ya ja gaba, shi ne farkon fita garin. Waɗanda sunka rage kuwa, in sun ce ba su loda mota, mutum goma daga ƙauye na tsaye suna jiran a kira su. Ta yaya za ka yi yaji da yunwa tana aiko da madadinka?

Ga kuma mata. Aikin gyaran ƙasa na Keita da anka fara a 1984 da kuɗin Italiya, mafi yawa mata ne sunka ɗauki duwatsun a ka, ana biyansu da abinci, saboda maza ba su nan. Duniya ta yaba da aikin, amma ladan bai wuce cimakar yini ba. Akwai kuma maganar da ba mu son yi a fili, ta ɗa da bawa. Sai a 2003 doka ta mai da bauta laifi, kuma Hadijatou Mani da ta kayar da gwamnatin Nijar a kotun CEDEAO a 2008 ƴar jihar nan ce. Leburori biyu na iya ɗaukar buhu guda, ɗaya yana ganin ya fi ɗayan asali. Mai kaya ya fi kowa jin daɗin wannan.

Mu ɗalibai fa? Takardunmu da Faransanci muke rubuta su, muna kiran “talakawa” a kowane layi, amma ba ma fita titi sai kuɗin burus sun makara. In mun je wurin ƴan dako, jawabi muke kai musu.

Alhali tsari yana nan, ba mu za mu ƙirƙiro shi ba. Kowace tasha da shugabanta da layinta. Ƴan kabu-kabu suna karo-karo in ɗayansu ya yi haɗari. Mata suna adashi. Adarawan Abijan suna tara kuɗin kai gawa ko gina masallaci a gida. Abin da ya rage shi ne asusun nan su koyi riƙe mutum kwana uku bai yi aiki ba, kuma tashoshi su san farashin juna. Albasa ba ta jira: motar da ta kwana biyu a rana asara ce ga mai ita, kuma shi ya san haka. In masu lodi na Galmi da Tabalak da Tawa sunka yanka farashi guda kafin kaka ta kama, ba bayan ta kama ba, dillali ba shi da inda zai juya. Aikin da ke buƙatar mai biro da kaye shi ne riƙe lissafin asusun, da karanta musu dokar aiki ta 2012 da Hausa da Tamajaq, da raka wanda anka hana ladansa ofishin sufeton ƙwadago, wanda da yawansu ba su san ƙofarsa ba.