Hikimar Zuƙo Iska da Famfon Ruwa

Manomin rani a fadamar Haɗeja, ko a Auyo yake ko Kirikasamma ko Guri, ba ya shiri da iska a cikin injin ban ruwa. Tun da ƙananan injinan nan suka bazu a fadamun Arewa a shekarun 1980, shirin Fadama na Bankin Duniya kuma ya ƙara yaɗa su a shekarun 1990, darasin farko da yaro ke koya a bakin kogi shi ne toshe kafar iska. A ɗura wa injin ruwa kafin a tayar da shi, a ɗaure bakin mesa tamau da robar taya, a tabbata kan mesar ya nutse sosai. In aka yi sake iska ta samu ƙofa, sai injin ya yi ta kuka babu ruwa, farfela na juyawa a banza, mai na ƙonewa. To, a harkar kiwon kifi akwai gwanintar da ta juya wannan darasi: a huda wa iska ƙofa da gangan, amma bisa awo. Aikin yana burge ni matuƙa, domin sai wanda ya san halin famfo ciki da bai ne zai iya shayar da shi abin da ke kashe shi, kuma ya ci riba.

Buƙatar ta taso ne daga sauyin da ya sami yankin. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage faɗin ruwan da ke malala a dausayin Haɗeja zuwa Nguru kowace damina, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Haɗeja tana nan da sunanta a cinikin kifi, sai dai kiwo a kududdufi da tankin siminti da na tamfol ya zama sana'a a gefen kamun kifi, kamar yadda ya zama a sauran sassan ƙasar nan. Kifin kogi kuwa ruwa mai gudu ne ke kawo masa numfashi. Na tanki, mai shi ne zai nemo masa.

Ruwa marowaci ne wajen riƙe iskar oksijin. A sararin da muke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari oksijin ne, amma litar ruwa mai sanyin digiri 20 ba ta ɗaukar fiye da kimanin miligiram 9. In zafin ruwan ya kai digiri 30, sai ya sauko zuwa wajen 7.5. Ka tuna bazarar Haɗeja, watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa: a daidai lokacin da kifi ya fi cin abinci ya fi neman numfashi ne ruwan ke ƙara tsuke hannu. Ruwan rijiyar burtsatse ma yakan fito da ƙarancin oksijin, tunda ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa. Gansakukar da ke samar da iska da rana, da dare ita ma shaƙa take yi. Shi ya sa asarar kifi ta fi aukuwa da asuba, mai kiwo ya fito ya tarar da karfasa sun yi cincirindo a saman ruwa suna buɗe baki. Babbar tarwaɗa tana da sauƙi, domin Allah ya hore mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita. Amma 'ya'yanta da aka ƙyanƙyashe ba sa samun wannan gaɓa sai bayan 'yan makonni, kuma a wannan tsakani ne mai ƙyanƙyasa ke cin riba ko ya tafka asara.

Waɗanda suka fi kowa wasa da dabarar zuƙo iska da famfo su ne masu ajiye kifin teku a akwatin gilashi a gidajensu, a Turai da Amurka da Asiya. Sukan ɗauki ɗan famfon da ke zagaya da ruwan gishiri, su jona masa siririyar roba a bakin da yake zuƙar ruwa, wasu har su sauya farfelar da wata mai tsinkaye kamar allurai don ta daddatse iskar ta zama kumfa. Gishiri yana hana ƙwayoyin kumfa haɗewa, sai su zauna ƙanana su kwaso dattin ruwan su taso da shi sama a kwashe. Ruwanmu na daɗi ba ya riƙe kumfa haka, don haka ba wankin ruwa muke nema da dabarar ba, numfashi muke nema. Tushen ilimin dai ɗaya ne, kuma tsoho ne: wani masani ɗan Italiya, Giovanni Battista Venturi, ya bayyana shi a 1797. In ruwa mai gudu ya ratsa ta ƙuntataccen wuri, gudunsa yakan ƙaru, matsinsa kuma ya ragu. In matsin ya faɗi ƙasa da na iskar waje, duk wata ƙofa da ke wurin sai ta koma zuƙa maimakon yoyo. Kowane bakaniken babur ya san abin a aikace, domin haka kafireta ke jawo mai: iska ce ke gudu ta maƙogwaro tana zuƙo fetur. A nan ruwa ne ke gudu yana zuƙo iska.

Kayan aikin ba su da yawa: guntun bututun roba irin na masu aikin famfo, gam, ƙusa ko injin huda, da siririyar roba. Gwani yakan fara da bututun da ruwa ke fita daga famfon. A ce inci ɗaya ne, sai ya yi masa maƙogwaro na rabin inci, ko dai da mahaɗar da ake sayarwa, ko ya gasa robar a kan garwashi a hankali ya ja ta har ta tsuke. Rage faɗin da rabi yana ninka gudun ruwan sau huɗu. Daga nan sai hudar, kuma a nan ake gane hannu. Ƙofar iska dole ta faɗa daidai maƙogwaron ko ɗan gaba da shi kaɗan. In ta faɗa kafin tsukewar, ruwa ne zai yi tsartuwa ya wanke wa mutum fuska. Ana yanka bakin siririyar robar a karkace, a sa karkacewar ta fuskanci inda ruwan ya nufa, kada kuma ta yi tsini da yawa a ciki ta tare hanya. Bayan maƙogwaro, bututun ya koma buɗewa sannu a hankali, ya kasance gajere, ba lanƙwasa. Kowace lanƙwasa da kowane ƙarin tsawo suna danne ruwan ta baya, zuƙar ta mutu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne daidaitawa, don ba ta buƙatar wata na'urar awo. Mutum ya ɗora yatsa a bakin robar ya ji ko tana tsotsa. Ya kasa kunne: shu mai tsawo mara yankewa alama ce ta lafiya, tari da kakari kuwa na nufin iska ta yi yawa ko maƙogwaro ya yi faɗi. Ya duba cikin ruwan ya ga ko farin hazo ne na ƙananan kumfa ko manyan ƙwallaye masu gudu sama su fashe. Ƙananan ake so, domin sun fi daɗewa a ruwa, kuma in aka tara fatarsu ta fi ta manyan faɗi nesa ba kusa ba. Sabuwar robar ƙarin ruwa ta kemis tana yin wannan aiki da kyau, saboda ɗan maƙullinta mai gangarawa yana ba da damar ƙara iska ko rage ta kaɗan-kaɗan. Zurfi ma da nasa lissafin. In aka nutsa bakin bututun can ƙasa, nauyin ruwa zai fi ƙarfin ƙaramin famfo. In aka bar shi a sama sosai, kumfar ba ta jimawa. Mai basira yakan karkata shi ya bi jikin bangon tanki mai zagaye, ruwan ya riƙa juyawa, kashin kifi da ragowar abinci su taru a tsakiya inda mafita take.

Hanya ta biyu, wato shigar da iskar ta bakin da famfo ke zuƙa kamar yadda masu kifin teku ke yi, tana ba da kumfa mai laushi, amma ni ba na ba mai ƙyanƙyasa shawarar ta. Ko ba komai, iska kaɗan ce ke raba famfo da ruwansa. Sannan iskar da farfela ta matse da ƙarfi tana iya narkewa a ruwa fiye da ƙima, ta shiga jinin 'ya'yan kifi ta zama ƙananan kumfa a idanu da fata, su mutu a ruwan da ake ganin ya wadata da iska. Wanda ya san aikin yakan bar irin wannan ruwa ya zuba a fili ya fantsama tukuna kafin ya isa ga kifi.

Kumfa ba ta kawar da gubar da kashin kifi ke tarawa, saboda haka canjin ruwa yana nan daram, kuma maƙogwaron yana rage yawan ruwan da famfon ke turawa, wanda dole a yi lissafi da shi. Ƙurar hunturu da gansakuka sukan toshe 'yar ƙofar, sai an riƙa zira mata tsinke. Bakin robar iskar kuma a ɗaure shi sama da matakin ruwan tanki, domin in aka ɗauke wuta ko batirin sola ya ƙare cikin dare, robar da ke rataye ƙasa za ta koma tsiyayar da ruwan tankin waje.