Sharrin da Aka Yi wa Jan Kurege

'Yan'uwana mata, yau zancen kurege na zo maku da shi, amma ba kuregen tatsuniyarmu ba, mai rami da wayo. Wannan na ƙasar Amurka ne, a kan bishiya yake rayuwarsa. Ku yi mini afuwa, maganar ta ɗan taɓa wurin kunya, sai dai ilimi ba ya son rufa-rufa.

A can akwai kurege iri biyu da ke zama daji ɗaya: toka-toka, wanda shi ne babba, da kuma ja, ɗan ƙarami mai tsiwa da bai fi rabin babban ba. Shekara da shekaru maharban ƙasar suna ba da labarin wai jan kan kori namijin toka-tokan, ya cije masa 'ya'yan maraina, ya mayar da shi kamar taure don kada ya haihu. Wasu kuma su ce a'a, tsofaffin mazan ne ke dandaƙe ƙanana saboda kishi. Hujjarsu? Sun ga korar da idonsu, sannan sun harbo namiji sun juya shi, suka tarar babu komai a wurin. Wa zai musa? Ai gani ya kori ji.

To amma masana dabbobi da suka feɗe irin waɗannan kuregun sun samu abin yana nan lafiya lau, ba tabo ba rauni, ya dai ƙanƙance ya koma cikin ciki. Domin kuwa kuregen toka-toka sau biyu yake barbara a shekara, wajen Disamba zuwa Fabrairu, sai kuma Mayu zuwa Yuni. Da lokacin ya wuce sai marainan su motse su shige ciki, in ya zagayo su sake fitowa. Shi kuwa farautar kurege an fi yinta daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, daidai sa'ar da abin ya ɓuya. Ga kuma 'yan samarin da aka haifa a shekarar, waɗanda nasu bai ma sauko ba tukuna. Korar da ake gani kuwa faɗan abinci ne, don jan kurege yana da rumbun da yake tara 'ya'yan itace, ba ya yarda kowa ya raɓe shi.

Kada ku ce jahilci ne na mutanen daji kawai, har masu ilimi sun taɓa faɗawa. A 1856 wani masanin ƙwari na jihar Niyok mai suna Asa Fitch ya ga tsutsar wani ƙuda a matsematsin wani ɗan ƙaramin dangin kurege, sai ya raɗa wa ƙudan suna da Latinanci mai ma'anar "mai dandaƙa". Sai a 1981 wasu masana biyu suka bi diddigi suka nuna tsutsar a ƙarƙashin fata kawai take zama, ta yi 'yan makonni ta fice, ba ta taɓa masa haihuwa. Shekara 125 ke nan ƙuda na ɗauke da laifin da bai yi ba, kuma har yau sunan bai bar shi ba.

Ni ban raina maharbi ba. Ya san sawu, ya san lokacin fitowar nama, abin da ya ce ya gani kuwa gaskiya ya gani. Inda nake kuka da shi, ya ɗauki gaskiya biyu, kora da ɓacewar maraina, ya ɗinke su da zaren da ya saƙa da kansa. Kuma labarin ya daɗe ne saboda yana da daɗin ji, akwai mugu akwai wanda aka zalunta. Wa zai zauna hira a ce masa ai yanayin jiki ne kawai?

A nan ne jikina ya yi sanyi, don mu marubuta ma sana'armu ke nan. A littafina na biyu maigida ya rasa kuzarinsa bayan ya yi amarya, nan take na tura uwargida gidan boka, masu karatu kuwa suka yi ta tsine mata. Ko sau ɗaya ban kawo a raina in kai mutumin asibiti ba, alhali ciwon sukari da hawan jini da yawan damuwa duk suna kawo wannan matsala. Mata nawa ne aka kora da 'ya'yansu a kan irin wannan zato? An ga ta fita unguwa, an ga miji ya canza, shi ke nan an haɗa, ita ce jan kurege.

Don haka 'yar'uwa, in aka kawo maki zance aka ce "da idona na gani", ki tambaya a hankali: me kika gani, me kuma kika ƙara? Wane lokaci ne? An duba ciki kuwa? Ni dai na yi alkawari, a littafina na gaba sai likita ya fara duba maigida kafin in ɗora wa kowa laifi.