Daga Zambon Abokin Gaba zuwa Sukar Shugaban Gida: Tarken Harshen Jarida a Lokacin Yaƙi

Maƙasudin wannan maƙala shi ne nazarin yadda jarida da 'yan siyasa a ƙasar Hausa suke magana a kan shugabannin da ke riƙe da ragamar yaƙi, tare da kawo misalai daga Dutse da kewayenta. Abin da nazarin ya nuna shi ne kibiyar suka ta sauya alkibla, amma salonta yana nan yadda aka gaje shi.

An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. Watanni kaɗan bayan haka Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Da yake jaridar ta gwamnatin mulkin mallaka ce, sai ta raba aikinta gida biyu kamar yadda makaɗan fada suke yi: kirari da zuga ga Sarkin Ingila da mayaƙansa, zambo kuwa ga Hitila. Ba a tuhumar mai jan ragamar yaƙi ta ɓangaren gida, domin tuhumarsa daidai take da taimakon abokin gaba.

Haka aka ci gaba a Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970. A lokacin Dutse tana cikin Jihar Kano ƙarƙashin Gwamna Audu Bako, kuma mafi yawan labarin fagen fama yana isa ga mutumin Dutse ko Kiyawa ko Jahun ne ta Rediyon Kaduna da Gaskiya, dukkansu na gwamnati. Ojukwu ya gaji zambon da aka yi wa Hitila, Janar Yakubu Gowon ya sami yabo. Abin lura shi ne sukar Gowon ba ta yi ƙarfi ba sai bayan an ajiye makamai, musamman a 1974 da ya janye alkawarin miƙa mulki a 1976. Wato a wancan zamani ana jinkirta hisabin shugaba har ƙura ta lafa.

Dalilai biyu suka rushe wannan tsari. Na farko, mallakar kafofin labarai ta fita daga hannun gwamnati ita kaɗai. Dokar soja ta 1992 ta ba da damar kafa gidajen rediyo masu zaman kansu, aka buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, daga baya ta kafa tasha a Dutse, wadda ta zama babban birnin Jigawa tun 1991. Na biyu, fagen fama ya dawo ƙofar gida. Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, mai sauraro yana gwada sanarwar hukuma da abin da idonsa ya gani.

Alal misali, a watan Yuni na 2011 Sufeto Janar na 'Yan Sanda, Hafiz Ringim, ya yi alwashin murƙushe ƙungiyar cikin ɗan lokaci. Ba a yi mako guda ba aka tayar da bom a hedkwatar 'yan sanda ta Abuja, ranar 16 ga watan. Jaridu suka yi masa ca, kuma bayan hare-haren Kano na 20 ga Janairu, 2012, aka sauke shi. Haka nan Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya yi shekara takwas yana gwamna a Dutse, ya sha suka a matsayin Ministan Tsaro daga 2023 har zuwa murabus ɗinsa a Disamban 2025. An yi wa waɗannan hisabi ne yaƙi yana kan gudana, abin da bai faru da Gowon ba.

Sai dai kash, yawancin wannan suka zambo ne da ya sauya riga. Zambo yana kallon mutum ne, asalinsa da jam'iyyarsa da halittarsa. Tarke na gaskiya kuwa yana auna aiki: nawa aka ware, me aka saya, wa ya ba da umarni, me ya biyo baya. Ɗan siyasar da ya caccaki Shugaba Jonathan a 2014 sau da yawa shi ne ya koma maroƙin Shugaba Buhari bayan 2015, na ɗaya ɓangaren kuma ya yi akasin haka. Rahoto mai bin diddigi shi ne ya fi jawo fushin hukuma, kamar yadda sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust na Abuja da Maiduguri a Janairun 2019 saboda wani labari kan shirin ƙwato Baga.

Daga ƙarshe, 'yancin sukar shugaban yaƙi ci gaba ne da bai kamata a raina ba. Amma muddin sukar ba ta wuce matsayin zambo ba, za a yi ta sauya shugabanni ba tare da an gano inda gizo ke saƙa ba. Wajibi ne malaman harshe da na aikin jarida su koya wa ɗalibansu bambance suka mai hujja da habaicin adawa, domin rayukan talakawa ne ke kan sikeli.