Tulu da Caki: Dogara ga Allah a Waƙoƙin Zumuntar Mata

A majami'un ECWA da COCIN da EYN, akwai lokacin da mai jagorar sujada yakan ba Zumuntar Mata fili. Sai mata su miƙe cikin ankonsu, zane da kallabi iri ɗaya. Wata ta zauna ta sa tulu tsakanin ƙafafunta tana bugun bakinsa, wata ta ɗauki caki, wata kuge. Mai ba da waƙa ta ɗaga murya, saura su amsa. A ganina, nan ne Kiristocin Arewa suka fi bayyana abin da suke nufi da dogara ga Allah, fiye da yadda ake ji daga bagade.

Waƙar ikilisiya da Hausa ta biyo hanya biyu. Ta farko ita ce ta Littafin Waƙoƙi, wanda akasarinsa fassara ce da 'yan mishan suka yi daga waƙoƙin Ingila da Amurka. Koyarwarsa tana da zurfi, kuma tsofaffi sun haddace shi, amma an ɗora kalmomin Hausa kan karin da ba a yi don su ba, har wani lokaci muryar kalma takan karkace. Ta biyun ta fito daga bakin matan kansu, Bura da Margi da Ngas da Tangale da Bajju da Hausawan Kano da Katsina da Zariya, waɗanda Hausa ta zame musu harshen sujada, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. Su ba su jira takarda ba. Sun ɗauko salon bayarwa da amshi daga waƙar daka da ta biki, suka zuba masa labarin Ayuba da Hannatu da Rut.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne waƙoƙin nan ba sa ɓoye wahala. Suna kiranta da sunanta: rashin haihuwa, mijin da ya ba da kansa ga giya, kuɗin makarantar yara, gwauruwar da dangin miji suka ƙwace mata gona. Sai an gama zayyana ciwon kafin amshi ya juya ga Yesu. Tsarin Zabura ke nan, inda Dawuda yakan fara da kuka da tambayar Allah kafin ya kai ga yabo. Macen da ke amshi ta san wadda ke gefenta ta binne ɗa a watan jiya, don tare suka kwana a gidan makokin, su ne kuma suka haɗa hatsi da itace suka kai. Shi ya sa kalmar dogara take da nauyi a bakinsu.

An gwada wannan al'ada gwaji mai tsanani a arewa maso gabas. EYN, wadda aikinta ya faro a Garkida a 1923, ita ce ikilisiyar akasarin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014. A Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. Gine-gine sun ƙone, littattafai sun salwanta, amma waƙar da ke cikin kai ta bi mutane zuwa inda suka yi gudun hijira. A 2015 mawaƙan matan EYN har Amurka suka je suna rera ta.

Duk da haka akwai abin gyara. Haƙuri ya yi yawa a cikin waɗannan waƙoƙi, kuma kusan kullum mace ake faɗa wa. Idan aka rera wa wadda ake duka a gida cewa ta jure ta ci gaba da addu'a, dattawan ikilisiya kuma suka yi shiru, to an mai da dogara ga Allah abin rufe baki. Annabawan Littafi Mai Tsarki ba su yi shiru a kan zalunci ba.

Wata barazanar daga sabon yayi take. Salon addu'ar da ake yi da ihu ana neman maƙiya su mutu, da wa'azin da ke cewa mai bangaskiya ba ya talauci, sun shigo majami'un Arewa tare da manyan lasifika da jita. Wannan koyarwa ba ta da abin faɗa wa gwauruwar da ta yi azumi mijinta kuma bai dawo ba, sai dai ta ce bangaskiyarta ce ta gaza. Tsohuwar waƙar zumunta ba ta taɓa ɗora mata wannan laifi ba.

Yawancin waƙoƙin nan ba a rubuce suke ba, masu tsara su kuma suna tsufa. Ɗaliban tauhidi na TCNN a Bukuru da na JETS a Jos, ku ɗauki wayoyinku ku je wurin iyayen nan mata, ku naɗi muryoyinsu, ku rubuta kalmomin tare da sunan wadda ta tsara kowace waƙa tun suna raye.