Tazarar Yatsa Biyu Tsakanin Salansa da Ƙafar Direba

A watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Kano ke haura maki 40 a ma'aunin Salshiyos, direban da ya ɗauko kaya daga Zinyau zuwa Rano a tsohuwar mota mai ja da ƙafa huɗu yana fama da zafi biyu. Na sama kowa ya san shi, rana ce. Na ƙasa kuwa sai wanda ya zauna a gaban motar: daɓen ƙarfe da ke gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi, da hucin da ke tasowa ta gindin sandar giya yana bugun ƙwauri. Wani ya jiƙa buhu ya shimfiɗa, wani ya tara kafet kan kafet. Kafin a yi nisa buhun ya bushe, kafet kuma ya sha zafin ya riƙe.

Akwai masu maganin wannan matsala a garejojin Rano da Kibiya da cikin birnin Kano, kuma aikinsu yana burge ni ƙwarai. Ba wanda ya rataya allo ya ce sana'arsa ke nan. Bakanike ne, ko mai walda, ko mai gyaran bodi, wanda shekaru a ƙarƙashin mota suka koya masa ta inda zafi ke bi.

Motocin da ake magana a kansu sanannu ne a wannan yanki mai duwatsu, inda da zarar ka sauka daga kwaltar da ta taso daga Karfi ta ratsa Bunkure da Rano da Kibiya, sai burji da rairayi da kwazazzabai. Akwai ragowar Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, aka kuma taɓa harhaɗa ta a masana'antar Leyland da ke Ibadan. Akwai Land Cruiser samfurin 70 da Toyota ta fitar a 1984, da tsofaffin Hilux da Patrol da Pajero. Akori-kurar Peugeot 504 ta Kaduna ba ta ja da ƙafa huɗu, amma hanya ɗaya suke bi, ciwo ɗaya suke yi. An ƙera waɗannan motoci ne don aiki, jin daɗin zama ya biyo baya. Giya da ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba suna nan daf da ƙasan kujera, bututun salansa kuma yana ratsawa ƙarƙashin ƙafa. Ga shi tafiyar daji a hankali ake yin ta, da ƙaramar giya, inji na ta gurnani amma iskar da ke wucewa ta ƙarƙashi ba ta da ƙarfin kwashe zafin. Kusa da inji, bututun hayaƙi kan wuce maki 400 idan an ɗora wa mota kaya. Ita kanta giya, idan ta sha aiki, man da ke cikinta kan doshi zafin tafasasshen ruwa.

Abin da ya fara bambanta gwani da ɗan koyo shi ne ba ya gaggawar manna komai. Zai ce wa direba su zaga tukuna. Ya ɗage kafet, ya zauna a gefe, yana kai bayan hannunsa wuri-wuri. Idan zafin ya bi layi ɗaya daga gaba zuwa baya, salansa ce. Idan ya taru a tudun tsakiya, giya ce. Idan kuwa iska ce mai zafi ke busowa, to akwai kafa a buɗe. Kowanne da maganinsa, kuma wanda ya haɗa su ya yi musu magani ɗaya ya yi asarar kuɗin mai mota.

Daga nan sai ya nemi abin da ya sa zafin ya wuce ƙa'ida, domin sau da yawa daɓe mai ƙuna saƙo ne daga ƙasa. Man giya ya ragu ko ya tsufa. Direba ya manta motar a ƙafa huɗu ya hau kwalta, alhali a yawancin waɗannan tsofaffin motoci tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke idan an sa ta, sai haƙoran giya su yi ta kokawa da juna. A Land Rover, birkin hannu yana bayan ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi ne, ba a tayoyi ba. Idan aka ɗaure shi fiye da kima yana gogawa, tsakiyar mota za ta yi zafi kamar me. A motar fetur, idan wutar fulogi tana makara, mai yana ƙarasa ƙonewa ne a cikin bututu. Wani lokaci kuma dutse ne ya daki salansa ya tura ta sama har ta kusa taɓa daɓe, ko taɓon damina ya bushe ya lulluɓe giya ya hana ta shan iska. Bakaniken da ya rufe irin wannan zafi da kafet ya ɓoye wa mai mota ciwon da zai ci masa giya ɗungurungum. Gwani yakan gyara wannan tukuna, kuma ba safai yake samun godiyar da ta dace ba, domin aikin ba ya ganuwa.

Sai toshe kafofi. Robar gindin sandar giya ta yage, robobin da wayoyi ke bi ta cikinsu sun faɗi, tsatsa ta huda wurin ajiye ƙafa. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, don haka motocin da aka shigo da su da sitiyari a dama akan juya su, kuma sau da yawa ramukan tsohon sitiyari da na birki da kuloci suna nan a buɗe a bangon da ya raba inji da mazauni. Fankar lagireto tana turo iska mai zafi kai tsaye ta nan. Wannan mataki ya wuce maganar jin daɗi. Ta kafar da zafi ya shigo, hayaƙi ma zai shigo, kuma a cikinsa akwai iskar kabon monoksayid wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kawo ciwon kai da gyangyaɗi, tana kuma kisa. Shi ya sa za ka ga gwani ya shiga ƙarƙashin mota da tocila da almuru, yaronsa na ciki yana faɗa masa duk inda haske ya ɓullo.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne garkuwar salansa. Fallen alminiyam ne ko na ƙarfe marar kauri, irin wanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ko a ciro daga mushen wata motar. A yanka, a lanƙwasa shi ya bi siffar bututu, a rataya tsakanin salansa da daɓe. Kallo ɗaya mutum zai ce ai ba wani abu ba ne. To amma sirrin ba a fallen yake ba kaɗai. Dole a bar tazara kamar yatsa ɗaya zuwa biyu tsakanin falle da bututu, a bar wata tsakanin falle da daɓe. Zafin da bututu ke watsawa yana tafiya ne kamar haske, kuma alminiyam mai sheƙi yana mayar da mafi yawansa baya. Ɗan abin da fallen ya sha kuwa, iskar da ke ratsa tazarar ce ke kwashe shi. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano marar silin ya kuma kwana a mai silin ya san aikin wannan iska ta tsakiya. Masu ƙera Land Rover ma da wannan dabara suka yi wa motocin ƙasashe masu zafi rufi mai hawa biyu, da sarari a tsakani.

Idan aka manna fallen a jikin daɓe ba tazara, aikin ya lalace, domin alminiyam ya fi ƙarfe saurin isar da zafi nesa ba kusa ba. Saboda haka gwani yana ɗaga shi da noti ko 'yan guntayen bututu, ya rage wuraren da yake taɓa bodi iya yadda zai yiwu. Yana barin gaba da baya a buɗe don iska ta shiga ta fita. Yana juya fuskar da ta fi sheƙi ta kalli salansa, ba ya shafa mata fenti. Yana naɗe bakin fallen don kada jijjigar burji ta tsaga shi, ya sa manyan washa a ramukan kusoshi. Daf da inji, inda zafi ya fi tsanani, yakan zaɓi ƙarfe, tunda alminiyam na narkewa a maki 660 kuma yana yin laushi tun kafin nan. Yana kuma lura da bututun mai da na birki da wayoyi, kada zafin da ya kora daga ƙafar direba ya koma kansu. A ƙaramar Land Rover ta da, tankin mai a ƙarƙashin kujera yake, don haka kuskure a nan ba ƙarami ba ne. Duk wannan da almakashin kwano da guduma da ido yake yi, yana kwance a ƙasa, kuma sau da yawa lanƙwasar farko ce ke zama daidai.

Wasu kan naɗe bututun da ƙyallen zaren gilashi. Yana rage zafi, amma a hanyar da ake ratsa rafi da damina ƙyallen yana riƙe danshi, bututu ya ruɓe da wuri. Tsohon ƙyallen asbestos kuwa ƙurarsa guba ce ga huhu, bai kamata a kusance shi ba.

Shimfiɗar ciki ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mafi sauƙi: abin da ba ya shan ruwa a ƙasa, tabarmar roba mai kauri a sama, a yanka su yadda za a iya ɗagewa a shanya. Soson katifa ba ya cikin lissafi, yana shan ruwa da mai, yana kuma kama wuta.

Kafin mota ta bar gareji akwai gargaɗin da gwani ba ya mantawa ya yi wa direba, musamman da kaka. Motar da ke shiga gona ɗaukar dawa da masara da gyaɗa tana tara ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa a wannan tazara da aka bari, kuma zafin salansa ya isa ya kunna su. Don haka duk ranar da aka yi aikin gona, idan inji ya huce, yaron mota ya durƙusa da sanda ya zazzage abin da ya maƙale tsakanin falle da bututu, ya kuma taɓa kusoshin ya ji ko jijjiga ta sassauta su.